Yadda 'yar ƙanena ta samu sauƙin ciwon mara

Wannan labarin 'yar ƙanena ne. Ita ta ce in rubuta, da sharaɗin kada in ambaci sunanta, don ta san akwai 'yan mata birjik a Tudun Wada da Rigasa da Kawo, nan cikin Kaduna, da suke cikin halin da ta fito. Aikin jinya nake yi a ɓangaren mata, saboda haka zan faɗi abin da ya same ta tare da dalilin kowane abu da gwargwadonsa, yadda wata za ta iya ɗauka ta yi aiki da shi.

Ta fara al'ada tana da shekara 13. Shekarar farko lafiya lau, jini ya zo ya wuce, wani watan ma ya tsallake. Tana shiga 14 sai ciwo ya sauka. Mahaifiyarta ta rikice, tana cewa ai da ba haka take ba, lallai sanyi ta kwaso a banɗakin makaranta. Ba sanyi ba ne. A farkon balaga yawancin 'yan mata ba sa sakin ƙwai a kai a kai, jinin ne kawai yake zuwa. Sai jiki ya zauna, ƙwai ya fara fita wata-wata, sannan ciwon ya bayyana, galibi tsakanin wata shida zuwa shekara biyu da ganin jinin farko.

Ga abin da ke faruwa a ciki. Idan ƙwai ya fita ba a samu ciki ba, sinadarin furojestaron da ke riƙe da shimfiɗar cikin mahaifa yakan faɗi ƙasa. Shimfiɗar ta fara saɓulewa, tana sakin wani sinadari mai suna furostagilandin, wanda aikinsa shi ne ya sa naman mahaifa ya matse ya turo jinin waje. Kowace mace tana da shi, amma na wasu yakan yi yawa. In ya yi yawa, mahaifar ta dinga matsewa da ƙarfi har ta shaƙe ƙananan jijiyoyin da ke kai mata jini, naman ya ƙulle kamar yadda damtse yake ƙullewa idan an daɗe ana daka babu hutu. Sinadarin kuma ba ya tsayawa a mahaifa. Yana bin jini ya taɓa hanji, shi ya sa ake haɗawa da zawo, amai, jiri da ciwon kai. Ya fi yawa a awa 24 zuwa 48 na farko, daga nan ya ja baya, ciwon ma ya bi shi. Wadda ta riƙe wannan bayani za ta gane me ya sa maganin da aka sha bayan ciwo ya kankama ba ya kai wanda aka sha kafin ya zo.

Ciwon 'yar ƙanena yakan fara da riƙewar ƙugu da yamma. Kafin asuba ya zagayo mara ya sauka cinyoyi. Sai a same ta a ƙasan ɗaki ta dunƙule, ta cusa filo a mara, gumi ya jiƙa mata ɗankwali, ga bokiti a gefe saboda amai. Kwana biyu a kowane wata ba ta zuwa makaranta. Malamai suka sa mata ido a matsayin mai fashi, ita kuwa kunya ba ta bari ta faɗa wa malami namiji dalili.

Hajiyarmu, wato kakarta, ita ta fara ba da magani. Jar kanwa take jiƙawa a kofi ta ba ta ta shanye, wai tana wanke dattin mara. Da kyakkyawar niyya take yi, haka aka yi mata ita ma. Amma jinin al'ada ba datti ba ne da ya taru yake jiran a wanke, kuma kanwa gishiri ce mai ƙarfi. Yawan shanta yana ɗaga hawan jini, yana sa jiki ya riƙe ruwa, yana wahalar da ƙoda. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shan kunun kanwa da ciwon zuciyar da ke kama masu jego. 'Yar ƙanƙanuwar da ake jefawa a miyar kuka ko a wake daban, jiƙa dunƙule a shanye daban.

Da kanwa ta gaza sai aka koma kemis. Wani yaron shago ya dinga haɗa mata ƙwayoyi uku a leda: diklofenak, firoksikam da ibufurofen, ya ƙara da kafso na kashe ƙwayoyin cuta wai saboda sanyi. Ukun nan dangi ɗaya ne, aikinsu ɗaya. Haɗa su ba ya ƙara sauƙi, illar ce kawai take ninkuwa, ga shi kuma tana haɗiye su cikin babu komai saboda tashin zuciya ba ya barin ta ci abinci. Kafson kuwa ba shi da abin yi a nan, tunda babu wata ƙwayar cuta da ake yaƙa. Tana aji biyu na babbar sakandare sai zafin ciki ya kama ta a ƙasan ƙirji, irin na olsa. A lokacin ne mahaifinta ya kawo ta wurina hutu.

Ranar da abin ya motsa mata a gidana ta kama hannuna ta ce, "Gwaggo, don Allah a cire min mahaifar nan in huta." Yarinya 'yar shekara 16. Na ce mata, "Ɗiyata, ba za a cire komai ba. Ki ba ni wata uku."

Abu na farko, aka kai ta ta ga likita. Ya duba ta, ya sa aka yi mata sikanin na mara da gwajin jini. Mahaifa lafiya, amma jininta ya yi ƙasa. Aka tsayar da ƙwayoyin nan uku gaba ɗaya, aka ba ta maganin ciki na wasu makonni da na ƙarin jini. Ina jaddada wannan mataki domin duk abin da zan lissafa a gaba na mai ciwon mara ne na asali, wanda babu wata cuta a ƙarƙashinsa.

Na biyu shi ne kalanda, kuma a ganina ita ce ginshiƙin komai. Muka liƙa ta a bayan ƙofa. Ranar da ta fara ganin jini ta zagaye da biro, ta rubuta makin ciwon daga sifili zuwa goma, da adadin audugar da ta canza, da abin da ta sha. Ana ƙirga zagaye ne daga ranar farko ta wannan jinin zuwa ranar farko ta na gaba. Mata da yawa suna kuskuren ƙirgawa daga ranar wanka, sai lissafin ya ɓace musu. Ga babbar mace, kwana 21 zuwa 35 daidai ne; ga 'yan mata masu tasowa yakan kai 45. Nata ya tsaya tsakanin 29 da 30, don haka rana ta 27 ita ce ranar fara shiri. Wadda nata ba ya tsayawa wuri ɗaya sai ta bi alamun jikinta: nauyin nono, ƙurajen fuska, riƙewar ƙugu. Da ta ji su, ranar za ta fara.

Sai citta. A nan mu mutanen Kaduna Allah ya yi mana gata, domin mafi yawan cittar ƙasar nan daga kudancin jiharmu take fitowa, wuraren Kachia, Kagarko da Jaba. Iri biyu manoma suka fi shukawa: tafin giwa, mai kauri mai ruwan ɗorawa, da yatsun biri, sirara mai duhu. Kowacce ta samu ta yi. Tun bayan cutar da ta afka wa gonakin citta a daminar 2023 kuɗinta ya tashi sosai, amma abin da mace take buƙata a wata bai fi cokali huɗu ba.

Citta tana rage haɗa furostagilandin ɗin nan ne, hanya ɗaya da wadda ibufurofen yake bi, sai dai a hankali. An gwada ta a kan ɗalibai mata a ƙasar Iran. A gwajin da aka wallafa a 2009, miligiram 250 na garin citta sau huɗu a rana, kwana uku, ya ba da sauƙi daidai da na ibufurofen. A wani na 2012 an ba da miligiram 500 sau uku a rana, kuma waɗanda suka fara sha kwana biyu kafin jini sun samu raguwar zafin ciwon da kuma tsawon lokacinsa, waɗanda suka jira jini ya zo kuwa zafin kawai ya ragu. Gwaje-gwajen ba masu girma ba ne, amma a cikin duk kayan gargajiyar da ake ambata wa ciwon mara, citta ce ta fi hujja.

Yadda muka yi: busasshiyar citta tsagaggiya muka saya a Kasuwar Barci, ba gari ba. Garin da ke zube a faranti ya sha iska da rana, ƙarfinsa ya ragu, wani ma an gauraya shi. A karya ɗaya a duba cikinta. In akwai baƙin ɗigo ko warin fumfuna a bar ta. A goge ƙura, a ƙara shanyawa wuni ɗaya, a daka a busasshen turmi, a tankaɗe da rariya mai laushi, a zuba a kwalba mai murfi a ajiye nesa da murhu. Cokalin shayi ɗaya shafaffe, ba mai tozo ba, ya kusa giram biyu. Kwatansa, wato kashi ɗaya cikin huɗu, shi ne kusan miligiram 500. Shi ake zubawa a rabin kofin ruwan ɗumi, ko a koko, ko a kunun gyaɗa, a ɗan sa zuma, a sha har da garin da ya kwanta. Sau uku a rana, bayan cin abinci. A fara kwana biyu kafin jini, a ci gaba kwana uku na farkonsa. Kwana biyar ke nan, sai a ajiye sai wani watan.

In ɗanya ce a hannu, a yanki kamar tsawon gaɓar babban yatsa, a kankare, a daddaka, a zuba a kofi ɗaya da rabi na ruwa, a rufe tukunya a bar shi ya yi ta ɓararraka a ƙaramar wuta minti goma. Rufewar tana da muhimmanci, don ƙamshin da ke tashi da tururi yana cikin abin da ake nema. Sai dai gari ya fi sauƙin aunawa, kuma da shi aka yi gwaje-gwajen.

Inda mata suke samun matsala da citta wuri uku ne. Wasu su jira sai ciwo ya kayar da su sannan su dafa, su ce ba ta aiki. Wasu su zuba cokali biyu a kofi ɗaya su sha cikin babu komai, ƙwarnafi da zawo su taso, a rasa gane na citta ne ko na al'ada. Kada a wuce giram huɗu a wuni ko ta halin ƙaƙa, kuma babu ma dalilin kaiwa can. Wasu kuma su haɗa ta da barkono, masoro, kimba da kanumfari a tukunya ɗaya. Wannan yaji ne na jego, ciki kawai zai ƙona. Mai olsa ta jira sai cikinta ya lafa, kamar yadda muka jira wa yarinyar nan. Mai shan maganin tsinka jini irin wafarin, ko mai tsakuwar matsarmama, ta tambayi likitanta tukuna.

A watan azumi tambayar da ake yawan yi ita ce ta kwana biyun nan na kafin jini, tunda mace tana riƙe da azuminta. Sai a mayar da shan bayan sahur, bayan buɗa-baki, da kuma kafin kwanciya.

Abu na gaba shi ne ɗumi, kuma shi ne mafi saurin aiki a cikinsu duka. Ɗumi yana sassauta naman mahaifa, ya buɗe jijiyoyin da suka shaƙe. Wani gwaji da aka yi a Amurka a 2001 ya nuna cewa ɗumin kusan digiri 39 da aka bari a mara na tsawon sa'o'i ya yi daidai da ibufurofen. A lura, ɗumi aka ce, kaɗan ya ɗara na jiki. Ba a ce zafi ba. Mun sayi jakar roba ta ruwan zafi a kemis. Ba a zuba mata tafasasshen ruwa kai tsaye, sai a sirka. A cika kashi biyu cikin uku, a matse iskar da ta rage, a ɗaure murfi, a kifa ta a ga ko tana yoyo, a naɗe da tawul. A gwada a cikin damtse; in ba za a iya barinta a nan ba, ta yi wa mara zafi. Minti 20 a mara, a mayar ƙugu minti 20, a huta, a sake.

Wadda ba ta da jakar ta ɗinka ƙaramin buhu na atamfa ta cika da gero ko gishiri, ta ɗumama a busasshen kasko ta naɗe da zani. Yana riƙe ɗumi sosai. Gorar ruwa ta roba kuwa in ta sha ruwan zafi sai ta lanƙwashe murfin ya saki, kuma ƙunar mara da cinya daga irin wannan tana yawan zuwa mana asibiti. Kada a yi barci da abin ɗumi a jiki. Kada a shafa man zafi sannan a ɗora ɗumi a kai, haɗin yana saɓule fata. Idan aka ga fatar mara ta fara yin zanen duhu kamar raga, zafin ya yi yawa, a dakata. Sannan ina roƙon iyaye, a lokacin hunturu kada a shigar wa yarinya kaskon gawayi ɗaki a rufe ƙofa da taga don ta ji ɗumi. Iskar da gawayi yake fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, kuma tana kashe mutum a cikin barci.

Wanka da ruwan ɗumi ma yana taimakawa. Maganar da ake cewa wanka ko wanke kai lokacin al'ada yana daskarar da jini ba ta da tushe. Bayan wankan yarinyar takan shafa man zaitun ko man kaɗe a mara, ta dinga murzawa a hankali da tafin hannu tana zagayawa, kamar minti goma. In ciwon ya murɗa, ta kwanta a gefe ta jawo gwiwoyi zuwa ƙirji, ko ta durƙusa ta kwantar da ƙirji a kan filo biyu.

Motsa jiki shi ne ya fi ba ta wuya, domin ba a lokacin ciwo ake yinsa ba, a sauran kwanakin wata ne da mutum yake jin garau ya manta. Abin da bincike ya nuna shi ne minti 45 zuwa awa ɗaya, sau uku ko fiye a mako, kuma sai an ɗauki watanni biyu zuwa uku kafin a ga bambanci. Ba sai an je Dandalin Murtala ba. Ita tsallen igiya take yi a tsakar gida da safe, ranar Islamiyya kuma ta tafi da ƙafa da sauri maimakon hawa Keke. Ma'aunin shi ne numfashi ya ɗan ɗaga, gumi ya tsatso, amma ana iya magana.

Batun abinci ba zan cika baki a kai ba, hujjarsa ba ta kai ta citta da ɗumi ba. Abin da na tsaya a kai biyu ne. Na ɗaya, kada al'ada ta zo ta tarar da bayan gida ya taurare, domin cikakken hanji yana danne mahaifa ya ƙara ciwo. Mako ɗaya kafin lokaci a yawaita ruwa, gwanda, kankana, kwaɗon zogale, miyar alayyahu da wake. Na biyu, jinin da ake zubarwa sai an mayar. Hanta, nama, wake da ganye su ne masu ƙarfen da jini yake buƙata, lemo ko gwaiba bayan abinci suna taimaka wa hanji ya tsotse shi, baƙin shayi kuwa yana hanawa, don haka a raba shi da abinci da kamar awa ɗaya. Riɗi, gyaɗa, aya da kifi mai mai irin sadin duk suna da kyau a riƙa ci. Shan ruwan sanyi ko zaƙi da ake ɗora wa laifi ba shi ke kawo ciwon mara ba, ko da yake lemon kwalba yana ƙara kumburin ciki. Hayaƙin taba dai an tabbatar yana tafiya da tsananin ciwon.

Watan farko makin ciwon yarinyar ya sauko daga tara zuwa bakwai, ta yi amai sau ɗaya. Ta ce ita ba ta ga wani abu ba. Kalandar ce ta nuna mata cewa kwana ɗaya ta kwanta maimakon biyu. Wata na biyu, biyar. Wata na uku ta je makaranta a ranar farko da fulas ɗin kununta a jaka, ta sha farasitamol biyu da rana. Ta rubuta jarrabawar WAEC ba ta rasa takarda ko ɗaya ba, duk da cewa al'adar ta faɗo a tsakiya. Ciwon bai ɓace ba, har yau tana jinsa a ranar farko, maki uku ko huɗu. Watan da ta yi sakaci da lissafi yakan tuna mata.

Hajiya ba ta sauko da wuri ba. Ta ce, "Ku dai 'yan boko, a yi mata aure kawai, shi ne maganinsa." Na ce, "Hajiya, Allah ya kawo na gari a lokacinsa, amma ba aure ke warkar da shi ba." Gaskiyar da ke cikin maganarta ita ce mata da yawa suna samun sauƙi bayan haihuwar fari, wasu kuma shekaru ne kawai suke rage musu. Akwai kuma masu 'ya'ya huɗu da har yanzu suke fama. Yanzu Hajiyar ce da kanta take daka wa sauran jikokinta citta.

Da yarinyar ta shiga babbar makaranta ta gwada hulba, domin ƙawayenta suna yabonta. Ita ma an gwada ta a Iran an ga sauƙi: garin hulba kamar rabin cokalin shayi, sau uku a rana, kwana uku na farkon jini. A ɗan soya ƙwayar sama-sama kafin a daka, ɗacin yana raguwa. Warinta yana fita a gumi da fitsari, shi ya sa yarinyar ta bar ta. Hulba tana saukar da sukari, don haka mai shan maganin ciwon sukari ta kula, kuma wadda gyaɗa take tayar wa borin jini ta guje ta. Kirfa ma tana ragewa, ƙasa da kwatan cokali sau uku a rana, amma ba ta kai ibufurofen ba, kuma irin da ke kasuwanninmu tana da wani sinadari da ke taɓa hanta in an daɗe ana sha, saboda haka kwana uku kawai. Shawarata a ɗauki ɗaya a bi shi wata uku. Wadda ta haɗa biyar a lokaci ɗaya ba za ta san wanda ya yi aiki ba, ba za ta san wanda ya ɓata mata ciki ba.

Ga matan aure akwai ƙarin kula. Kwanakin nan na kafin jini za su iya zama farkon ciki ba a sani ba. Mai neman haihuwa kada ta taɓa hulba ko kirfa a matsayin magani sai ta ga jini, cittar ma ta tsaya a giram ɗaya a wuni. Jiƙe-jiƙen da ake tallatawa a mota da lasifika da sunan wankin mara, babu lambar NAFDAC babu bayanin abin da ke ciki, da duk wani abu da ake cusawa a gaba, a bar su. Cushe-cushen nan su ne suke kawo ainihin sanyin da ake gudu.

Ban ce a ƙi maganin asibiti ba. Wadda cikinta da ƙodarta suke lafiya, ba ta da juna biyu, ba ta da asmar da irin waɗannan ƙwayoyi suke tayarwa, ibufurofen miligiram 400 bayan abinci, sau uku a rana, kwana biyu zuwa uku, magani ne mai kyau, in an fara shi da alamar farko. Guda ɗaya daga dangin, ba haɗi ba. Abin da nake tsoro shi ne tiramol da allurar kashe zafi ta fenta da ake yi wa 'yan mata a ɗakunan kwana na makarantu. Daga ciwon kwana biyu a wata ake wayar gari jiki ya saba, yarinya tana nema kullum.

A babbar makarantar, 'yar ƙanena ta haɗu da wata ƙawa, 'yar Unguwar Rimi, mai shekara 24, ta koya mata duk abin da ta sani. Wata uku babu sauƙi ko kaɗan. Sai ta kawo min ita da kalandarta. Kallo ɗaya ya nuna ba irin na 'yar ƙanena ba ne. Wannan ba ta san ciwon mara ba sai da ta haura 20. Ciwon yana farawa mako ɗaya kafin jini, ya ci gaba bayan ta yi wanka, kuma kowane wata gaba yake yi. Jinin yana kai kwana tara, tana jiƙa auduga cikin awa ɗaya ko biyu, da gudaji manya. Tafin hannunta da cikin idonta sun yi fari fat.

Waɗannan alamu ne na cewa akwai wani abu a ƙasa. Zai iya zama ƙarin mahaifa da ake kira faiburoid, wanda ya yi yawa a cikin matan baƙar fata. Zai iya zama endometiriyosis, inda nama irin na shimfiɗar mahaifa yake tsirowa a wajenta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana samun kusan mace ɗaya cikin goma masu shekarun haihuwa, kuma sikanin na yau da kullum ba koyaushe yake nuna shi ba. Zai iya zama ciwon sanyi na gaske da ya hau mahaifa, wanda yake zuwa da zazzaɓi da ruwa mai wari. Jin zafi wajen saduwa ko wajen bayan gida lokacin al'ada, da jinkirin samun ciki, duk suna cikin abin da za a faɗa wa likita ba tare da kunya ba. Mai sikila ma kada ta tsaya a citta, don al'ada tana iya tayar mata da ciwonta. Akwai kuma wanda ba ya jiran gobe: al'ada ta yi jinkiri, sai ciwo mai tsanani ya soki gefe ɗaya na mara, da jiri ko suma. Wannan zai iya zama ciki a wajen mahaifa, a tafi asibiti a daren.

Likitocin mata suna nan a Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, da Asibitin Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wada, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika. Ƙawar ta je da kalandarta ta wata uku a hannu, abin da ya rage wa likita rabin tambayoyinsa. Sikanin ya nuna faiburoid guda biyu. Aka ɗora ta a kan maganin rage zubar jini da na ƙarin jini, aka ba ta ranar dawowa bayan wata uku a sake auna girmansu kafin a yanke shawarar ko za a yi aiki. Jakar ruwan ɗumin tana nan tana amfani da ita, likitan ya ce ta ci gaba.